Ƙugiyar da Ta Faɗi a Hanyar Kaduna

Matso nan ka zauna, ga wuri a gefen tabarma. Ajiye abin da ke hannunka ka ba ni kunne, don labarin Murtala Sabo Kimba ba ya jin daɗi ga mai sauraro da rabin hankali.

A Kimba aka haife shi, gidan manoman gero da dawa masu taɓa albasa in rani ya yi. Mahaifinsa, Malam Sabo, ya so ƙwarai ya ga ɗan nan ya riƙe fadama, amma tun yana ƙarami bakinsa ya fi fartanyarsa kaifi. A aike shi kai abinci gona, sai a same shi tsugune gaban wani tsoho yana tambayar me ya sa ake kiran wuri kaza da suna kaza. Ya yi makarantar horon malamai, ya koyar a wata firamare a Jega, ya auri Naja'atu, 'yar wani mai awon hatsi. Kowa ya ɗauka shi ke nan, malamin makaranta ya samu wurin zama.

Sai ga wata shekara albasa ta yi yawa a Aliero, manyan motocin kudu ba su zo da wuri ba, ta ruɓe a rumbuna har wari ya hana mutane cin tuwo a ƙofar gida. Murtala ya zauna ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya aika wa wata 'yar jaridar Hausa da ke fitowa mako-mako daga Kaduna. Jaridar ta daɗe da mutuwa, ba sai na gaya maka sunanta ba. Suka buga. Ran da ya ga sunansa a takarda, alli ya fita ransa.

Daga nan ya zama wakilinsu na wannan yanki. Ya rubuta labarin damben mahautan Jega, da yadda ɗan dambe ke naɗe hannu da zare yana kirari kamar ba shi ne jiya ya sayar maka da tsire ba. Ya bi mata masu waƙar daka a Jiga Birni ya kwashe baitocinsu kafin injin niƙa ya cinye su. Kuma bai tsaya nan ba, ya shiga zancen takin zamani, wanda ake saukewa da sunan talakawa ya kwana a shagunan masu uwa a gindin murhu. A kan wannan aka fara dukansa. Wasu ƙarti suka tare shi bayan siton taki, suka fasa masa leɓe, suka cire masa haƙorin gaba. Ya warke ya koma yawonsa, sai dai in ya ce "sannu" kana jin 'yar fito na fita ta giɓin, abokansa na tasha kuwa suka samu abin tsokana.

Yanzu ka riƙe wannan, don a kansa komai ya tsaya. Tafiretar da yake aiki da ita tsohuwa ce, an ƙera ta don Turanci. Ba ta da ƙa mai ƙugiya, ba ta da ɗa, ba ta da ɓa. In ya gama bugawa sai ya ɗauki biro ya bi layi-layi yana lanƙwasa wa haruffa kawunansu da hannu. Can Kaduna kuma masu haɗa shafi ba su damu ba, sau da yawa ƙugiyoyin nan a hanya suke zubewa. Masu karatu sun saba, suna cike giɓin da hankalinsu. Ban da haka, shi mutum ne mai son rubuta magana yadda mai ita ya faɗe ta. In tsoho ya ce "mi kaka nema", haka zai sa. Editan kuwa sai ya goge ya mai da ita Hausar littafi. Sun yi ta rigima a kan wannan ba wanda ya ja da baya.

Ana cikin haka aka yanke Kebbi daga Sakkwato, siyasa ta taso da zafinta. Jam'iyyu biyu kaɗai soja suka yarda da su, zaɓen kuma ƙato bayan ƙato ne, wato ka fito da rana tsaka ka tsaya a layi bayan hoton wanda kake so, surukinka yana kallonka, mai gidan hayarka yana kallonka. Gaba ta shiga gidaje. 'Yan banga suka cika tasha da gora da barandami, kowane ɗan takara da nasa.

Cikin masu neman kujera akwai Alhaji Ɗahiru, mutumin Danwarai, babban dillalin albasa. Abokan hamayyarsa suka rasa ta inda za su kama shi, sai suka baza cewa ba ɗan ƙasa ba ne, wai a hayin iyaka aka haife shi, aka kawo shi a zane. Murtala ya ce wannan ai mai sauƙi ne, wadda ta yi naƙudar tana da rai. Ya hau kabu-kabu ya tafi Danwarai.

Inna Kaltume, mahaifiyar Alhajin, tsohuwa ce mai tsawo wadda ba ta san boko ba kuma ba ta ga abin da ta rasa ba. Ta sa aka shimfiɗa masa buzu a zaure, ta dama masa fura da hannunta. Da ya faɗa mata abin da ake cewa, sai ta yi dariya har ta riƙe ƙirji, ta nuna wani ɗakin laka da ke kallon gabas.

"Ƙarya ta, ɗana. Ɗakin ga da kaka gani, nan na haihe shi, ranar da ruwa yac ci gonar Sarkin Noma. Cibiyatai na nan bayan rumbu. Wanda ka musu shi zo in ba shi hauya."

Ya koma Jega yana murna, ya buga labarin, ya bi shi da biro kamar kullum. Kan labarin da ya sa dogo ne, cewa mahaifiyar Alhaji Ɗahiru ta ƙaryata masu cewa ɗanta baƙo ne. Ya ba direban motar Kaduna, shi kuma ya wuce Maiyama inda ake kokawar kaka.

Can Kaduna aka ga kan labarin ya yi tsawo, ba zai shiga shafin farko da manyan haruffa ba. Aka datse shi, aka ɗauko "Ƙarya ta" ɗin da tsohuwa ta fara magana da shi aka sa. Aka mai da "ta" ɗin tsohuwa "ce". Ƙugiya ta faɗi yadda ta saba faɗuwa. Aka bar ɗigo biyu tsakanin sunan da maganar, su ma tawada ba ta kama su sosai ba. Abin da ya iso Jega ranar kasuwa, baƙi ƙirin a saman shafi, shi ne UWAR DAHIRU KARYA CE.

Kai da ni mun san ƙarya daban, karya daban. Ɗaya abin da maƙaryaci ke yi, ɗaya macen kare. Duk wanda ya karanta layin farko na labarin zai gane abin da ake nufi. Amma a tashar Jega mutum ɗaya ke karantawa, sauran su saurara. Wanda jaridar ta faɗa hannunsa ran nan kuwa ɗan ɓangaren abokan hamayyar Alhajin ne. Ya hau bencin mai shayi ya ɗaga ta sama, ya karanta kan labarin da ka ɗinsa marar ƙugiya sarai, ya tsaya nan bai ci gaba ba.

Kafin azahar wasu samari sun kamo wata karya mai shayarwa a bayan mayanka. Suka ɗaura mata ɗankwali, suka rataya mata hoton Alhaji Ɗahiru a wuya, suka ja ta da igiya cikin kasuwa suna kiɗa galan suna kiran sunan tsohuwa.

Akwai wani mahauci, Buba, mutum mai sanyin hali, ba ya cikin kowace jam'iyya sai ta wanda ya sayi nama. Da suka zo gaban teburinsa ya ajiye wuƙa ya fito, ya ce musu wannan ba siyasa ba ce, kowa a nan mace ta haife shi. Ya fizge igiyar, ya durƙusa yana kwance ɗankwalin. Samarin suka watse da gudu, shi bai san dalili ba, don ya ba hanya baya.

Abin da suka hango a-kori-kura ce cike da mutanen Alhaji Ɗahiru, Hamma na gaba. Hamma kamasho ne a tashar Aliero, ɗan ƙanwar Inna Kaltume, uwarsa ta rasu yana jariri, tsohuwar ce ta goye shi. Ya diro ya ga mutum durƙushe, igiyar karya a hannu ɗaya, ɗankwali a ɗayan. Bai tambaya ba. Gorarsa ce ta fara samun Buba a ƙeya, ya kifa kan dabbar. Ya yunƙura zai ɗago yana cewa ku tsaya, aka sare shi da adda a kafaɗa, aka ƙara a wuya. Jininsa ya bi ƙasa ya haɗu da na shanun da ya yanka da safe.

Mahauta suka ga ɗan'uwansu a ƙasa, suka fito da wuƙaƙe da gatura. Abin da ya biyo baya ba wanda ya iya ba da labarinsa daki-daki. An fasa kawuna, an yanke wa wani yatsu yana kare fuska, an kifar da rumfunan masu gishiri, an cinna wa a-kori-kurar wuta. Mata masu nono suka zubar da ƙoransu suka ruga cikin masallaci. Sai da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa kasuwa ta watse, aka kwashi mutane a amalanke zuwa asibiti. Buba bai kai can ba. Hamma ya tsira da sara a goshi, kuma kafin ya bar garin ya tsaya a bakin tasha, jini na shiga masa ido, ya rantse a gaban jama'a cewa hannun da ya rubuta wannan zagi sai ya daka shi.

Murtala na Maiyama, yana gefen fili yana rubuta wa ya kada wa, wani direba ya miƙa masa jaridar ya gaya masa abin da ya faru. Ya dubi shafin, ya sake duba. Washegari da hantsi ya shigo Jega ta bayan gari. Ya tarar Naja'atu ta riga ta ɗaure masa kaya, ta ce motar Birnin Kebbi na lodi, ya tafi wurin yayansa har ƙura ta lafa.

Ya ce in ya tafi, ya amsa laifin ke nan. Daga Jega har Maiyama sunansa zai zama wanda ya sha furar tsohuwa ya zage ta a takarda, ba zauren da za a sake shimfiɗa masa buzu, ba wanda zai sake ba shi labari ko na ɓatan akuya. Aikin da ya bar koyarwa dominsa ya mutu. Abin da ya rage kawai ya isa gaban Inna Kaltume ta ji daga bakinsa.

"Malam, hannun dama guda gare ka," in ji ta.

"Na sani."

"Kuma Hamma bai karatu."

"Inna ma ba ta yi. Amma ita tana saurare."

Naja'atu ta kwance ƙullin kayan ta mai da rigunansa cikin akwati ɗaya bayan ɗaya.

Ya shiga motar Aliero da hula ja har gira. Ya sauka a kasuwar albasa, inda buhuna ke jere sun fi mutum tsawo, ya nufi wurin 'yan kabu-kabun Danwarai. Ya riga ya ɗora ƙafa zai hau, wani ya ce, "A'a, ga mai fito nan." Sannun da ya yi wa mai babur ce ta tona shi.

Mutanen Hamma suka jawo shi ta wuyan riga. Ya faɗi, suka bi shi da ƙafa, a ciki, a baya, a fuska. Yana ta cewa a kawo jaridar a karanta ƙasan, a karanta layi ɗaya kawai. Wani ya cusa masa ruɓaɓɓiyar albasa a baki. Masu lodi suka tsaya da buhuna a ka suna kallo, ba wanda ya sauke. Sai ga Hamma, goshi naɗe da tsumma, riƙe da ƙarfen kwance taya. Ya sa aka ja Murtala zuwa bakin kwalbati, mutum biyu suka danne shi, ɗaya ya take masa damtse, aka shimfiɗa hannun a kan siminti.

Murtala ya tofar da albasar ya ce, "Hamma, kai ni wurin Inna. In ta ce ka sare shi, ka sare."

"Sunanta ya hita bakinka," in ji Hamma, a hankali, kamar mai ba da shawara.

Ya sauke ƙarfen a kan yatsun. Ya ɗaga ya sauke a bayan hannun. Ya koma wuyan hannu. Waɗanda ke kusa sun ce ƙarar kamar ana taka busasshen kara. Murtala ya yi ƙara sau ɗaya, daga nan sai numfashi. Da Hamma ya gaji ya jefar da ƙarfen cikin kwata, ya zauna a gefen titi ya rufe fuska yana kuka kamar shi aka daka. Mutanensa suka ɗaga shi suka tafi.

Wasu dattawa masu sayar da igiya ne suka ɗauki Murtala a kan buhu suka kai shi gidan Malam Ɗantsoho maɗori. Ka san Aliero da ɗori, daga nesa ake kawo musu karaya. Tsohon ya juya hannun, ya daɗe yana taɓawa, ya ce wuyan hannu zai kama in Allah ya so, amma yatsun nan an mai da su tsaki. Ya sa aka riƙe shi, ya ja, ya jera abin da ke jeruwa, ya yi tofi, ya ɗaure da karare. Murtala ya suma, ya farfaɗo, ya sake suma.

Ya yi makonni a zauren nan tare da masu karayar ƙafa da waɗanda suka faɗo daga mota. Naja'atu ta tare a gidan wata gwaggonta don ta riƙa kawo masa abinci. Kowa ya zo dubiya sai ya yi masa bayanin ƙugiya, har masu jinya suka haddace. Ya aika Kaduna a gyara, suka kuwa gyara, a can ciki ƙarƙashin tallan maganin basir. Suka ce suna ba da haƙuri, karya suke nufi ba karya ba. Wanda ya karanta masa ya rasa yadda zai karanta. Murtala ya yi dariya har karare suka motsa, dariyar ta juye ta zama wani abu, Naja'atu ta tashi ta fita.

Magana ta bi bakin mata har ta isa Danwarai. Wata safiya sai ga Inna Kaltume da kanta a ƙofar zauren, tana dogara sanda. Tun ranar kasuwar nan ba ta fita ko suna ba. Ta zauna nesa da shi kaɗan, ba ta amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba. Ta ce an ce mata wai akwai wani abu da ya faɗi daga takarda, tana son ta gan shi da idonta.

Ya share ƙasa da tafin hagu. Ya zana harafin ka da yatsa, a karkace, ya zana wata a gefenta ya lanƙwasa mata kai. Ya ce wannan ita ce abin da ta faɗa, waccan ita ce abin da aka buga. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"Wagga 'yar lanƙwasa?"

"Ita, Inna."

"Kanta anka kashe mai nama?"

Ta kai sandarta ta taɓa zanen, ta janye. Sannan ta dubi hannun da ke naɗe, ta ce gobe za ta sa a kai ta Jega, ta tsaya a tasha inda aka karanta, ta faɗa da bakinta cewa yaron nan bai zage ta ba, kuma duk gidan da ya rufe masa ƙofa ya rufe mata. Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya ba ta juyo ba.

"Hamma ɗana na. Bayana yat tashi. Abin da yay yi, don ni yay yi shi."

Ba ta roƙe shi komai ba, ba ta ce in ka yi kaza zan yi kaza ba. Ta faɗi haka ta tafi. Washegari kuwa ta cika alkawari, ta hau bencin mai shayin nan da taimakon mutane, tasha ta yi tsit, ta yi maganarta ta sauka.

Da aka kwance karare, wuyan hannu ya kama, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Biro ba ya tsayawa a cikinsu. Ya koyi rubutu da hagu kamar ɗan aji ɗaya, tafireta kuma da yatsa guda. Abu na farko da ya rubuta labarin Buba ne. Ya je gidansa ya zauna da matarsa da mahaifinsa, ya rubuta yadda ya koyi fawa, da yadda yake ƙara wa tsofaffi tsoka a kan abin da suka saya, da abin da ya fito yi ranar da aka kashe shi. Mahaifin Buba ya riƙe masa riga ya ce ya sa sunan wanda ya fara dukan, kowa ya san shi amma ba mai faɗa wa hukuma, in ya fito a jarida dole a kama shi.

Murtala ya kai wannan layin ya tsaya. Naja'atu ta ce ta ga ya sa takarda ya cire, ya sa ya cire, har rana ta juya. Abin da aka buga a ƙarshe shi ne "wasu mutane". Ba a kama kowa ba. Mahaifin Buba bai sake amsa sallamarsa ba har ya bar duniya, mahautan Jega kuma suka daina kiransa kallon dambe.

Sauran ƙofofi kuwa suka buɗe. Ya ci gaba da yawonsa shekaru masu yawa, daga Kimba zuwa Jiga Birni zuwa Maiyama, yana rubuta rikicin taki da na zaɓe da bukukuwan kaka, ana shimfiɗa masa buzu ana dama masa fura. Alhaji Ɗahiru ya ci kujerarsa, bai daɗe a kai ba soja suka rushe komai. Hamma ya tsufa a tasha yana kiran fasinja. In Murtala ya zo shiga mota, shi ke buɗe masa gidan gaba, ba sa haɗa ido.

Wasu sun ce tsoro ne ya hana shi sa sunan. Wasu sun ce kunyar tsohuwa ce, wadda ta hau benci a gaban maza dominsa. Shi bai taɓa cewa komai a kai ba, ni ma da nake ba ka labarin ban yanke ba. To kai fa, da kai ne zaune gaban tafiretar nan da yatsa guda, mahaifin Buba a gefe, Inna Kaltume a gefe, me za ka buga a wannan layin?